Da Simiyon ya ci Kustantiniyya, ina daular Bulgarawa za ta tsaya?

Ɗan_Gwale:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kwana uku ke nan ina bin tarihin Bulgeriya ta dā, wani abu kuma ya tsaya mini a rai. Mu nan abin da muka sani game da ƙasar bai wuce ƙwallo da yaranmu masu zuwa karatun likita ba. Ashe mutanen nan sun daɗe suna hana Rumawan gabas barci. A 811 sarkinsu Krum ya rutsa da sarkin Rum, Nikiforos, a wani matsin dutse, ya kashe shi, ya sa aka lulluɓe ƙoƙon kansa da azurfa ya mayar da shi moɗar shan giya. A 917 wani sarkin nasu, Simiyon, ya yi wa rundunar Rum kaca-kaca a Akelos, gaɓar Bahar Aswad. To me ya hana su kafa ƙatuwar daula irin wadda Turkawa suka kafa daga baya a wannan yankin? Ni a ganina rashin sa'a ne kawai. Krum ya faɗi ya mutu a 814 yana tsaka da haɗa kayan fasa ganuwar Kustantiniyya, babban birnin Rum, wato Santambul ta yau. Da ya ƙara shekara biyar a duniya, da wani labarin ake yi yanzu. Masana ku taimaka.

Ƙwallo94:
Ni Bulgeriyar da na sani ita ce wadda muka lallasa uku da nema a Amurka a 94. Yekini ya riƙe raga yana kuka. Daular me kuma?

Ɗan_Gwale:
Kuma su ɗin ne suka kai wasan kusa da ƙarshe a shekarar, mu muka dawo gida tun zagaye na biyu. Ka bar mu mu yi tarihi, ɗan'uwa.

Malam_Alƙalami:
Wa alaikumus salam. Tambayar ta yi kyau, amma Ɗan_Gwale ka ɗora wa sa'a kayan da ba nata ba. Ko Krum ya ƙara shekara ashirin, da me zai ci birnin? Kustantiniyya ruwa ne ya kewaye ta ta gefe biyu, gefe na ukun kuma ganuwar da aka gina tun farkon ƙarni na 5. Wanda ba shi da jirgin yaƙi ko ya yi shekara a bakin ƙofa, hatsi da kifi suna shiga ta teku, mutanen ciki suna ƙoshi, shi ne na waje yunwa za ta kora. Bulgarawa kuwa mayaƙan doki ne da na ƙasa, ba su taɓa mallakar rundunar ruwa ta a zo a gani ba.

Abin da zai ba ka mamaki, a 812 da Krum ya ci garin Mesembiriya ya tarar da bututu 36 na harba wutar nan ta Rumawa mai ci a kan ruwa, har da ruwan wutar kansa. Ga makami a hannu, amma babu labarin sun taɓa amfani da shi. Samun bindiga daban, sanin kanta daban.

Hajiyar_Laleli:
Malam ya yi gaskiya, ni ganau ce. Ina zuwa Santambul sarin kaya, shekarar da ta wuce kayana suka makale a wurin masu ɗaure kaya, na samu kwana biyu ba abin yi. Bayan na yi ziyara a kabarin Sahabi Abu Ayyub al-Ansari sai na ce wa mai tasi ya bi da ni ta jikin ganuwar. Jama'a, ba katanga ɗaya ba ce. Da farko akwai wani rami mai faɗi, har yanzu a wasu wuraren mutane na shuka latas da albasa a cikinsa. Ka haye shi ka tarar da katanga, ka haye ta kuma ka tarar da babarta a baya, ta fi gidan sama hawa uku, ga hasumiyoyi jere iya ganinka. Na tsaya a gindinta na ɗaga kai har ɗankwalina ya zame. Wanda ya zo da doki da mashi nan, wallahi sai dai ya yi kallo ya koma.

Tsohon_Soja:
Hajiya kin gama magana. Gani ya kori ji.

Ɗan_Gwale:
Na ji, amma ai an taɓa shiga. A 705 sarkin Rum da aka tsige, Jastiniyan na biyu, ya zo da rundunar sarkin Bulgarawa Terbel, suka yi kwana uku a waje, sai ya kutsa ta magudanar da ke kai ruwa cikin birni da 'yan mutane kaɗan ya karɓe gadonsa. A 1261 ma 'yan tsiraru ne suka shiga da dare lokacin da masu gadi suka fita yaƙi. Ganuwa ba ta hana shiga idan akwai ɗan gari.

Malam_Alƙalami:
Ka faɗi amsar da bakinka. Duka biyun Rumawa ne suka koma gidansu, akwai masu jiransu a ciki. Wane ɗan gari ne zai buɗe wa mutumin da ya sha giya a ƙoƙon kan sarkinsu?

Baban_Husna:
Ku dakata, ba Bulgarawan nan ne suka musulunta ba? Na tuna malaminmu ya taɓa ba mu labarin Ibn Fadlan da Halifan Bagadaza ya aika wurin sarkin Bulgar a 922. In haka ne ai da sun haɗa kai da Musulmi sun gama da Rum tun tuni.

Uwar_Biyu:
Baban Husna ka haɗa biyu. Asalinsu ɗaya, amma sun rabu tun ƙarni na 7. Tsohuwar ƙasarsu tana arewacin Bahar Aswad, ƙarƙashin wani sarki Kubrat. Bayan rasuwarsa Hazarawa suka matsa musu, 'ya'yansa suka watse. Wasu suka yi arewa can bakin kogin Bolga, cikin Rasha ta yau, su ne Ibn Fadlan ya je wa. Asparuh ɗan Kubrat shi ya gangaro bakin kogin Danub, ya ci Rumawa da yaƙi, suka amince da ƙasarsa a 681. Waɗannan na Danub Kirista suka zama a 864, zamanin sarkinsu Boris.

Kuma abin da ba za ka so ji ba: da Maslama ɗan Abdulmalik ya yi wa Kustantiniyya ƙawanya a 717 zuwa 718, Bulgarawan Danub ɓangaren Rum suka bi, suka riƙa kai wa sansanin Musulmi hari ta baya. Ga sanyi, ga yunwa, har Halifa Umar ɗan Abdul'aziz ya ba da umarnin a janye.

Baban_Husna:
Allah ya saka, Hajiya. Yau na ƙaru. Ashe su ne ma suka ɓata lamarin.

Malam_Alƙalami:
Amma tunaninka bai yi nisa da na Simiyon ba, Baban Husna. Shi ma ya gane ba jirgi ba birni, don haka wajen 922 ya aika jakadu wurin Halifan Fatimiyyawa, al-Mahdi, a Tunisiya ta yau: ku kawo jirage, ni in kawo sojan ƙasa. Halifan ya yi na'am, ya haɗo su da nasa jakadun. A hanyar dawowa Rumawa suka cafke jirgin kusa da kudancin Italiya. Sarkin Rum ya tsare Bulgarawan, Larabawan kuwa ya cika su da kyauta ya sallame su gida. Maganar ta mutu a nan.

Ɗan_Gwale:
To kun gani! Wannan ba sa'a ba ce? Da jirgin nan ya wuce fa?

Tsohon_Soja:
Ƙanena, bari in faɗa maka abin da aikin soja ya koya mini. Kafin ka dubi wanda ke gabanka, dubi wanda ke bayanka. Ka buɗe taswira. Arewacin Danub fili ne shimfiɗe har can ƙasar makiyaya, ba dutse ba shinge. Duk ƙabilar mahaya da ta taso daga gabas, Bulgeriya ce farkon gidan da za ta faɗa. Rumawa kuwa sun san haka sarai, kuma suna da abin da Bulgarawa ba su da shi, wato zinariya.

Duba yadda suka riƙa yi. A 894 Simiyon ya tayar da yaƙi saboda an ɗauke kasuwar fataken Bulgarawa daga Kustantiniyya an mayar Tasalonika an tsauwala haraji. Me Rum ta yi? Ta kira Magyarawa, wata ƙabilar mahaya, ta tsallako da su Danub da jiragenta, suka faɗa masa ta baya. Ya sha wuya kafin ya jawo wasu mahayan, Fecenegawa, suka kore su. Bayan Akelos, maimakon ya wuce birni kai tsaye, sai da ya juya kan Sabiyawa don Rum ta zuga su. A 926 ya aika runduna ƙasar Kuroshiya aka karkashe ta a duwatsun Bosniya. Shekara arba'in bayan mutuwar Simiyon Rum ta biya Sabiyatoslab, sarkin Kiyef, ya zo ya tarwatsa ƙasar, sannan sarkin Rum ya bi baya a 971 ya kori Sabiyatoslab ɗin, ya ɗauke Fireslab, babban birninsu, a ɓagas. Taura biyu ba ta taunuwa. Ko jirgin jakadun nan ya wuce, ranar da Simiyon ya kafa tanti a bakin ganuwa, ranar za a kunno masa wuta a gida.

Ɗan_Damagaram:
Yallaɓai, korar Magyarawan nan ma ai garin neman gira ne aka rasa ido. Da aka kore su ina suka nufa? Suka haye duwatsun Karfat suka zauna a filin da ake kira Hungari yanzu. Alhali tun zamanin Krum, bayan rushewar Abarawa, makiyayan da ke mulkin wurin a dā, Bulgarawa ke da iko da gabashin wannan fili da Tiransilbaniya mai ma'adinan gishiri. Ni a nawa ganin nan ne babbar daular take, ba a kudu ba. Da sun bar Rum da birninta sun mayar da hankali arewa da yamma, inda ƙabilun Silabawa suke birjik masu harshe kusa da nasu, da sun haɗa ƙasa daga Danub har tsakiyar Turai. Amma kowane sarki idonsa na kan birni ɗaya.

Uwar_Biyu:
Wa zai bar alharini da zinariya ya tafi neman daji da fadama? A wancan zamanin dukiyar duniya tana kudu ne. Kuma a yamma ai Farankawa na nan, ba fili ne da babu mai shi ba.

Likita_Fileben:
Sannunku da muhawara. Ni a Bulgeriya na yi karatu shekara shida, don haka bari in sa baki. Abu na farko da ya ruɗa ni shi ne in mutum ya gyaɗa kai sama da ƙasa a'a yake nufi, in ya girgiza shi ne e. Na yi wata guda ina sayen abin da ban yi niyya ba.

Na je Filiska, babban birninsu na farko. Fili ne fetal, gonaki ta ko'ina, sai tushen gine-gine na manyan duwatsu. Kana gani ka san mutanen doki ne suka zaɓi wurin. Na kuma je Tarnobo, babban birnin daularsu ta biyu, wadda suka kafa bayan sun fita daga hannun Rum. Can kuwa tsauni ne, kogin Yantara ya naɗe shi kamar maciji, hanya ɗaya siririya ce ke shiga, a ƙarshen ganuwar akwai hasumiyar da suke cewa a nan aka tsare Baldwin. Abin da na ji a jikina shi ne na farkon gidan mai shirin fita ne, na biyun gidan mai tsoron a shigo masa.

Amma abin da nake so in ce, su kansu in ka zauna da su ba faɗin ƙasa suka fi alfahari da shi ba, harafi ne. Ranar 24 ga Mayu hutu ne, yara 'yan makaranta su fito da furanni suna maci saboda haruffa. Almajiran Siril da Metodiyos, malaman Kirista da suka fara ƙirƙira wa Silabawa haruffa, da aka koro su daga Morabiya a tsakiyar Turai, Boris ne ya karɓe su a 886, ya ba su wurin koyarwa a Ohrid da Fireslab. Daga nan rubutun Sirilik ya fito, wanda Rasha da Yukren da Sabiya ke amfani da shi yau. Wani malaminmu na ilimin sassan jiki kullum sai ya tsokani ɗaliban da suka iya Rashanci, ya ce ku da haruffanmu kuke rubuta sunanku.

Ƙwallo94:
Likita wane ne kuma Baldwin? Kun sa ni a duhu.

Likita_Fileben:
Sarkin 'yan Salibiyya ne. A 1204 suka ci Kustantiniyya, kuma ka lura, ta gefen ruwa suka shiga da jiragen Benis, abin da Malam yake faɗa tun ɗazu. Shekara ɗaya bayan haka, a 1205, sarkin Bulgarawa Kaloyan ya haɗu da su a Adirna, cikin Turkiyya ta yau, tare da mahaya makiyaya da ake kira Kumanawa. Mahayan suka yi kamar sun gudu, masu sulke suka bi su, aka rufe su. Aka kama Baldwin, a Tarnobo ya ƙare rayuwarsa.

Ɗan_Gwale:
Ga dama ta biyu ke nan! Rum ta farfashe gida-gida, 'yan Salibiyya ba su da yawa. Daga Adirna zuwa birnin kamar Kano zuwa Kaduna ne fa.

Malam_Alƙalami:
Nan kam na fi yarda da kai, ƙarni na 13 ya fi na Simiyon dama. Sai dai Kaloyan ya ɓata da Girkawan Tirakiya, waɗanda da farko su suka kira shi, saboda ƙone-ƙone da kwasar mutane da ya riƙa yi, har suka koma wa 'yan Salibiyya. A 1207 ya mutu a bakin Tasalonika. Wanda ya fi kusa shi ne Iban Asen na biyu. A 1230 ya karya sarkin Efirus, ɗaya daga gidajen da Rum ta farfashe, a Kulokotnitsa, ya saki ƙananan sojojin da ya kama suka koma gida, garuruwa suka riƙa miƙa wuya ba yaƙi, ƙasarsa ta kai daga Adirna har gaɓar Albaniya. A 1235 ya haɗa kai da Rumawan Nikiya suka kewaye birnin. Me ya cece shi? Jiragen Benis. Kullum dai jirgi.

Iban Asen ya rasu a 1241 ya bar yaro ɗan shekara bakwai a gado. Shekara mai zuwa Mongolawa suka ratsa ƙasar a hanyarsu ta dawowa daga Hungari, daga nan Bulgeriya ta koma mai biyan gandu. Bayan gidan nan dai da Tsohon_Soja ya faɗa.

Uwar_Biyu:
Akwai abin da ba wanda ya taɓo. Mu ɗauka Simiyon ya shiga. Daular wa za a samu? Mutumin nan a Kustantiniyya ya yi karatu, har ana ce masa rabin Bagirke. Abin da yake nema ba rushe Rum ba ne, so yake ya zama sarkin Rum. A 913 ya zo bakin ganuwa, babban limamin cocin birnin, Nikolas, wanda ke riƙon ƙwarya saboda sarki Kustantin na bakwai yaro ne, ya ɗora masa kambi, aka yi alkawarin yaron zai auri 'yarsa. Ta hanyar surukuta ya so shiga, ba ta tsani ba. Uwar yaron, Zowi, ta dawo fada ta warware maganar. Daga baya shugaban rundunar ruwa, Romanos Lekafenos, ya yi daidai abin da Simiyon ya so yi: ya aurar wa yaron 'yarsa ya haye gado.

To da auren nan ya ɗauru, Simiyon zai tare a birni, jikokinsa su tashi da Girkanci, ma'aikatan fada duk Rumawa. Bayan shekara hamsin sunanta daular Rum mai sarakuna 'yan asalin Bulgeriya. Ai Bulgarawan ainihi ma haka ta faru da su, sun zo da harshensu na makiyaya, Silabawan da suka mulka suka fi su yawa, harshen ya ɓace, suna kawai ya rage.

Ɗan_Damagaram:
Wannan magana ta Hajiya ta zauna. Birnin ne zai cinye su, ba su za su ci shi ba.

Ɗan_Gwale:
To Turkawa fa? Wannan ita ce tambayata tun farko. Daular Usmaniyya, ta Turkiyya nake nufi ba ta Sakkwato ba kafin wani ya taso mini, ai a Adirna ɗin nan ta kafa hedikwata, ta mallaki ƙasar Bulgarawan kanta, ta ci birnin a 1453, kuma birnin bai cinye ta ba. In yanayin ƙasa ne matsala, su me ya sa bai hana su ba?

Tsohon_Soja:
Don ba abu ɗaya suka tarar ba. Sarki Muhammadu al-Fatih ya zo yana riƙe da gaɓa biyu, Turai da Anadolu, ya gina kagara a mashigin ruwa a 1452 ya toshe hanyar Bahar Aswad, ga igwa mai fasa dutse, ga jirage har ya ja wasu ta kan tudu ya zuba su a mashigin cikin gari. Rum ɗin kuma saura birni kawai, mutanensa sun ragu ƙwarai. Duk da haka sai da ya yi kwana 53. Simiyon da Rum mai Anadolu da baitulmali cike ya kara.

Malam_Alƙalami:
Ƙara da tsarin gida. Turkawa sun gina soja da ma'aikata da ke hannun sarki kai tsaye. Bulgarawa kuwa ƙarfin sarki yana hannun manyan hakimai da ake kira bolyar, kowa da ƙasarsa da mayaƙansa. Sarki mai ƙarfi ya tanƙwara su, yana mutuwa kowa ya ja nasa. Boris sai da ya kashe 52 daga cikinsu da iyalansu da suka yi masa bore kan sabon addini. Bayan ya bar gado ya koma gidan ibada, shi da kansa ya fito a 893 ya tsige ɗansa Biladimir ya makantar da shi. Ƙarshen abin, sarki Iban Aleksandar ya raba ƙasa tsakanin 'ya'yansa biyu, ɗaya a Tarnobo ɗaya a Bidin, ga wani hakimi ya ɓalle da gaɓar teku. Turkawa suka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, Tarnobo a 1393, Bidin a 1396. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Baban_Husna:
Ni labarin makantarwar nan ne ke tayar mini da tsigar jiki. Ba su ne aka ce wani sarkin Rum ya ƙwaƙule wa sojoji 15,000 ido ba?

Uwar_Biyu:
Su ne. Basil na biyu, bayan yaƙin Kilidiyon a 1014. Marubutan Rum suka ce a kowane ɗari ya bar wa mutum ɗaya ido guda don ya ja sauran zuwa gida, sarkin Bulgarawa Samuyil ya gan su ya yanke jiki ya faɗi, bayan kwana biyu ya cika. Masana da yawa na ganin an zuzuta adadin, don Bulgarawa sun ci gaba da yaƙi har 1018. Amma ka lura, Basil ɗin nan Samuyil ya taɓa tarwatsa shi a 986, da ƙyar ya tsira. Ya koma gida ya sake shiri, ya yi ta dawowa shekara da shekaru. Rum tana iya shan kaye goma ta miƙe. Bulgeriya in ta sha biyu a jere shi ke nan.

Ɗan_Gwale:
Na ji duka, kuma na sauko daga kan Krum, na yarda ba zai fasa ganuwa ba. Amma ban sauko daga kan 913 ba. Aure ɗaya ne fa. Ko da jikokin sun koma Girkanci kamar yadda Uwar_Biyu ta ce, Rum da Bulgeriya a ƙarƙashin gida ɗaya, sojan ƙasa na wannan da jiragen wancan, wa zai tare su a ƙarni na 10?

Ɗan_Damagaram:
Hakiman Anadolu za su tare su, tun kafin a gama shagalin biki. Kana jin manyan gidajen sojan Rum za su zuba ido baƙo ya zauna musu a gado?

Hajiyar_Laleli:
Ku dai ku ci gaba, ni zan koma wata mai zuwa in Allah ya yarda. Likita, daga Santambul akwai motar da ke zuwa Tarnobon nan? Ina so in ga hasumiyar da idona.

Likita_Fileben:
Akwai motocin dare da ke tsallaka iyaka, Hajiya, amma sai kin nemi bizarsu daban, ta Turkiyya ba za ta shigar da ke ba. Kuma ki tafi da takalmi mara tsini, hawan dutsen nan ba wasa ba ne.